Yaran da ke gane yadda dare zai kasance tun daga sallamar babansu

Akwai wata yarinya da na koyar a SS2 a wata makaranta nan cikin garin Gombe, shekarunta 16, yarinya mai ƙoƙari wallahi, irin wacce in ka jefa tambaya a aji hannunta ne farkon tashi. Sai kawai a zango na biyu ta canza, yau ciwon kai gobe ciwon ciki, in an tashi kowa na rige-rigen fita ita kuma sai ta tsaya tana goge allo ko tana ta gyara jaka kaman wacce ba ta da gidan komawa. Na daɗe ina lallaɓa ta kafin ta buɗe baki, da ta buɗe kuma abun da ta faɗa min har yau bai bar raina ba, ta ce ita daga yadda babansu ya kafe mashin a zaure da yadda ya yi sallama take gane ko yau za a kwana lafiya a gidan ko kuwa za a kwashi 'yan kallo. In sallamar ta fito a taƙaice sai gabanta ya yanke ya faɗi, ta tattara ƙannenta ta shige da su ɗaki ta kunna musu wani abu a waya don kar su ji. Ba a taɓa dukanta ba fa, ba ta rasa ci ba ta rasa sha ba, amma yarinyar nan kullum a tsorace take kwana.

Toh mu dai mun san zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma ana saɓawa balle mutum biyu da kowa da gidan da ya taso. Ba saɓanin ba ne matsalar. Inda nake ganin mun yi kuskure shi ne maganar nan da muke yawan yi, in yaran ƙanana ne mu ce ai ba su san komai ba, in kuma sun tasa sun kai shekara 14, 15 mu ce ai sun girma sun saba. Wannan kalmar ta "sun saba" ita ce ta fi damuna saboda abun da masu bincike suka gano akasin haka ne. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, E. Mark Cummings na jami'ar Notre Dame, ya kwashe shekaru tun wajen 1981 yana lura da yadda yara ke amsa fushin manya, abun da shi da abokan aikinsa suka yi ta gani shi ne yaron da ya fi ganin faɗa shi ya fi saurin firgita da faɗa, wato maimakon fatarsa ta yi kauri sai ta koma kaman gyambo, abu kaɗan ya taɓa sai ya ji har ƙashi. Yaron da ka ga ya yi shiru yana danna waya ana zage-zage a tsakar gida ba sabawa ya yi ba, ya dai koyi ɓoye fuskarsa ne.

A 1994 Cummings da Patrick Davies suka fitar da wani bayani da har yanzu ake gina bincike a kansa, a taƙaice suna cewa yaro ba dangantakarsa da uwa ko da uba kaɗai yake dogaro da ita ba, zaman da ke tsakanin su biyun shi ma wani ginshiƙi ne da yake jingina da shi. In ginshiƙin na tsaye sai ya manta da shi ma, ya maida hankali kan karatu da ƙwallo da ƙawaye. In ya fara girgiza kuwa sai duk hankalinsa ya koma gadin gida, yana sauraro, yana karanta fuska, yana lissafin abun da zai biyo baya. Ku duba fa, ɗan shekara 15 da ya kamata a ce damuwarsa lissafi ne da Kimiyya ya koma mai gadin auren iyayensa ba tare da kowa ya ɗauke shi aikin ba, kuma gadin da ba shi da lokacin tashi.

Abun ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba, jiki ma na ɗauka. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne kaman ƙararrawar haɗari, da ya hango barazana sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta hau bugawa, numfashi ya ƙaru, ciki ya ɗaure. An yi shi ne don a tsira daga haɗari na ɗan lokaci, maciji ya gifta ka yi tsalle shikenan jiki ya koma daidai. Amma in haɗarin a cikin gidanku yake kwana ƙararrawar ba ta samun hutu. A 2011 Eamon McCrory da abokan aikinsa a jami'ar UCL da ke Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara masu kimanin shekara 12 da suka taso a gidajen da ake tashin hankali, da aka nuna musu fuskokin masu fushi sai wannan sashen ya tashi fiye da na sauran yara, irin yanayin da aka taɓa gani a ƙwaƙwalwar sojojin da suka je fagen daga. Ga shi kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, wanda shi ke taka wa tsoro birki ya ce tsaya mu yi tunani, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da ɗoriya. Kenan matashi ƙararrawarsa ta gama ƙarfi amma birkinsa bai gama ba. Akwai kuma Mona El-Sheikh ta jami'ar Auburn da ta daɗe tana nuna yadda rikicin ma'aurata ke lalata barcin 'ya'yansu, ni kam ko ba a faɗa ba na gani da idona, yaran da ke gyangyaɗi a darasin farko ba duka ba ne suka kwana chatin, wasu kwana suka yi kunne a bango.

Me ya sa na ware matasa ban haɗa su da ƙananan ba? Saboda ƙaramin yaro ƙara yake ji ya yi kuka, matashi kuwa ma'ana yake ji. Ya san me ake nufi da saki, ya san igiya uku ce, kuma wallahi akwai yaran da ke riƙe da lissafin igiyoyin auren uwarsu fiye da yadda suka riƙe jadawalin jarabawa, sun san an yi ɗaya bara waccan da azumi, an yi na biyu bayan haihuwar auta, yanzun saura ɗaya tal. Ka yi tunanin yarinyar da ta san saura igiya ɗaya, sai ta ji murya ta fara tashi a ɗakin Baba. Duk wata kalma da za ta fito daga bakinsa a wannan daren tana iya zama wacce za ta raba ta da uwarta. Wannan ba tsoron banza ba ne, ta ga an yi wa maƙwabta, ta ga an yi wa 'yar ajinsu.

Wasu masana biyu, John Grych da Frank Fincham, a 1990 sun ce abun da ke yanke yadda faɗan iyaye zai taɓa yaro shi ne fassarar da ya yi masa, sun kuma fi nuna abu biyu, jin cewa akwai barazana a kansa da kuma jin cewa shi ne sila. Na biyun nan ya fi cin rai a gidajenmu yanzun saboda mafi yawan faɗan na kuɗi ne, kuma kuɗin sunan yaron ne a jiki. Kuɗin makaranta, kuɗin rajistar WAEC da NECO, kuɗin JAMB, kuɗin napep na kullum, kayan ɗakin da ake tarawa. Uwa ta ce ka ƙi biya wa yarinya kuɗin jarabawa, uba ya ce ke kika ɓata su da son abun da ba ni da shi, yarinyar na bayan labule tana jin sunanta na yawo a tsakani. Abun da za ta ɗauka shi ne da ba ta nemi kuɗin ba da an zauna lafiya. Daga nan sai ta daina tambaya, takalmi ya tsinke ta ɗinke, a kore ta a makaranta kan kuɗi ta ɓoye ta ce ba ta da lafiya ne. Ita ɗalibar tawa ma da na bi diddigi kuɗin NECO ne mafarin rikicin wancan zangon.

Sannan akwai tambayar da ke hana su barci wacce ba su da wanda za su yi wa, in Mama ta tafi ni ina zan zauna? A mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, amma kowa ya san abun da aka fi yi a aikace, uba ya ce a ajiye masa 'ya'yansa, a bar ta da na goye kawai shi ma zuwa yaye. Kenan matashi na hango hanya biyu ne duk ba daɗi, ko ya zauna hannun matar uba yana kallon yadda za a yi da ƙannensa, ko ya bi uwa ya zama agola a gidan wani. In gidan mata biyu ne ko uku kuma abun ya ƙara cakuɗewa, faɗan ba na mutum biyu ba ne, rabon kwana, rabon cefane, wa aka saya wa kayan sallah wa aka bari, sai yaro ya tashi yana tsoron har ɗan'uwansa da suke uba ɗaya saboda bai san wace magana zai kai ɗakinsu ba.

Amma abun da na fi so mu tsaya a kansa shi ne gaba, wato miji da mata su daina yi wa juna magana. Da yawanmu in ba a ɗaga murya ba gani muke mun kare yara, sai miji da mata su yi wata guda ba mai ce wa wani ci kanka, a ajiye abinci a ɗauke ba magana, gida ya yi tsit kaman an yi rasuwa. Bincike ya nuna irin wannan janyewar da shirun ma na tada hankalin yara ba kaɗan ba, kuma ni a ganina ga matashi wani lokacin ya fi ihun ciwo saboda ihu yana da farko yana da ƙarshe, gaba kuwa ba ka san ranar fashewarta ba. A cikin gabar ne kuma ake maida yaro ɗan aike. Je ka gaya wa uwarka ta ba ni makullin. Je ki ce wa ubanki gawayi ya ƙare. Yaron ya tsaya a tsakiya yana tace magana, yana rage mata kaifi kafin ya isar, in amsar ta dawo da zafi shi za a fara watsa wa. Babbar 'ya mace, Addar gidan, ita ce ke zama abokiyar kukan uwa, a zaunar da ita da daddare a zayyane mata duk abun da ubanta ya yi tun kafin a haife ta, har abun da bai kamata kunnenta ya ji ba. Na fahimci uwar, ita ma ba ta da inda za ta kai kukanta, an ce mata ta yi haƙuri ta rufa asirin aurenta, amma kayan da take sauke wa yarinya 'yar 15 kayan babba ne.

Babban ɗa namiji kuma, Hamman gidan, nasa tsoron daban ne kuma ba kasafai ake maganarsa ba. Jikinsa ya fara ƙarfi, tsawonsa ya kamo na babansa, ranar da hannu ya tashi kan uwarsa ya san zai iya shiga tsakani. Amma tun yana Islamiyya aka koya masa girman haƙƙin uba, yana tsoron fushinsa yana tsoron baki. In ya tsaya kallo ya ji ya ci amanar uwarsa, in ya riƙe hannun uba ya ji ya saɓa wa Allah. Yaro na yawo da wannan a ƙirji, ga tsoron kansa da kansa, kar wata rana zuciya ta ɗebe shi ya yi abun da zai yi nadama har ya mutu.

Kuma namiji a wajenmu ba ya cewa ina jin tsoro, wa zai gaya wa? Sai tsoron ya canza kaya. Ya daina dawowa gida sai an rufe ƙofa, majalisa ta zama gidansa, ya fara tsiwa, abu kaɗan ya hau dambe. Ba na cewa duk yaron da ya faɗa cikin 'yan daba irin su Kalare a Gombe ko sara-suka a Bauchi rikicin gida ne ya kai shi, akwai talauci akwai rashin aikin yi akwai 'yan siyasar da suka yi ta amfani da su, amma yaron da gida ya zame masa wajen ɗar-ɗar duk inda aka ce masa zo nan muna tare da kai zai je, duk abun da aka miƙa masa aka ce zai kwantar masa da hankali zai karɓa. Mata kuma nasu ya fi fitowa ta jiki, ciwon kai, ciwon mara da na ciki da aka je asibiti aka yi gwaji ba a ga komai ba, bugun zuciya, numfashi ya sarƙe yarinya ta zube a asembili a ce aljanu ne. Ni ban hana kowa addu'a da ruƙiya ba, Alƙur'ani waraka ne, roƙona kawai bayan an tofa a kuma zauna a tambaye ta me ke faruwa a gida. Wasu kuma tsoron aure ne ke kama su, duk wanda ya zo zance su kore shi, wasu akasin haka, na farkon da ya yi sallama za su amince ko waye shi don dai su bar gidan.

Yanzun ga inda al'adarmu ta shigo, kuma a nan nake ganin gyaran ya fi sauƙi. Mu faɗanmu a tsakar gida muke yi, shirinmu kuma a ɗaka. Yaro ya ga zagi, ya ga Mama ta haɗa kaya ta yi yaji, ya ga kwana goma ba ta nan, sai wata rana da magariba kawai ya ga ta dawo an ci gaba da tuwo kaman ba a yi komai ba. Bikon da aka je, haƙurin da aka bayar, abun da Baffa da Kawu suka zauna suka yanke, duk bai gani ba bai ji ba saboda kunya, ai ba a irin wannan maganar da yara. Toh a kansa faɗan nan bai ƙare ba, an dai ɗage shi ne. Abun da su Cummings suka gano shi ne sulhu na gaske na rage damuwar yara sosai, kuma ba dole sai a gabansu aka yi ba, ko a bayan ƙofa aka shirya in dai sun ga alamar a fuska da murya, ko aka gaya musu an shirya, hankalinsu na kwanciya. Kenan ba sai mun yar da kunyarmu ba. Uba ya zauna a tabarma ya ci abinci yana hira da matarsa yaran na gani, ko ya kira babban ya ce abun da ka ji jiya ni da mamanku mun gyara, ba laifinka ba ne kuma ba inda za ta je. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Amma fa sai in gaskiya ce, matashi na gane shirin ƙarya tun daga nesa.

Wani zai ce toh gara a zauna ko yaya ne saboda yara. Wannan ma sai an bi a hankali. Paul Amato da abokan aikinsa a Amurka sun bi iyalai shekara da shekaru, a 1995 suka ba da rahoton cewa a gidajen da rikici ya yi tsanani 'ya'yan da iyayensu suka rabu sun fi samun sauƙi daga baya kan waɗanda aka ci gaba da zama ana gwabzawa, a gidajen da rikicin ba shi da yawa kuma rabuwar ce ta fi cutar da su. Rayuwarsu daban da tamu, can ba a maganar agolanci da matar uba yadda muke yi, amma ya isa ya nuna cewa zama a inuwa ɗaya kaɗai ba shi ne kariya ba. Addini ma ai bai ce a zauna ana cutar juna ba, a Suratul Baƙara aya ta 229 riƙo da alheri aka ce ko rabuwa da kyautatawa, a aya ta 233 aka hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta ko uba ta hanyar ɗansa, a Suratun Nisa'i aya ta 35 aka ce in an ji tsoron ɓaraka a tada mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Manya aka ce a tada, ba 'yar SS2 ba. In kuma abun ya kai ga duka wannan ya wuce saɓani, wani babban bincike da aka fara fitarwa a 1998 kan mutum sama da 17,000 a San Diego ta Amurka ya lissafa ganin ana dukan uwa cikin masifun ƙuruciya da ke bin mutum har girma, a lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, ciwon fargaba kuma na sahun gaba. Likitocin wannan fannin a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, sai a Janairun 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka akwai inda za a je, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe wanda har yanzu wasu ke ce wa FMC, da asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi, suna duba irin wannan. In yaro ya kwashe makonni ba barci ba cin abinci, ya daina zuwa makaranta, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, dan Allah kar a tsaya cewa iskanci ne ko a ji kunyar a ce an kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, a kai shi.

Ita ɗalibar tawa da izininta na samu wata goggonta, ƙanwar babanta, wacce yake jin maganarta, na gaya mata abun da nake gani a makaranta. Goggon ta je gidan ta zauna da su biyun. An biya kuɗin NECO, kuma yarinyar ta ce min babanta ya kira ta ya ce mata ba ita ta jawo ba, karon farko kenan da ya taɓa yi mata magana kan abun. Ciwon cikin ya ragu, ta zana jarabawarta. Faɗan gidan bai ƙare ba gaba ɗaya, ya dai yi sauƙi. Kwanaki na haɗu da ita a Tsohuwar Kasuwa muka tsaya muka gaisa, na tambaye ta gida ta ce alhamdulillahi, ta ɗan yi shiru sannan ta ce ƙaninta da ke JSS3 yanzun shi ne ta lura yana zama kusa da zaure in magariba ta yi, yana jiran ƙarar mashin.